Yadda Za Ka Raɗa wa Shagonka Sunan da Zai Fitar da Kai Kunya

Ɗan'uwa, ka kama shago, ka share, ka jera kaya, saura suna? To, faɗuwa ta zo daidai da zama. Bi matakan nan biyar, na yi maka alkawari cikin wata guda sunan shagonka zai zauna a bakin kowa.

Na gwada su a kan wani bawan Allah mai gyaran fanka da dutsen guga. Shekara goma sha ɗaya yana layinsu ba wanda ya riƙe sunansa. Matarsa ce ta yi fice a kitso, shi kuwa "mijin mai kitso" ake ce masa, har a gaban 'ya'yansa. Abin yana ci masa rai matuƙa. Shi ya sa ya buɗe shago, ko ya samu suna nasa na kansa.

Mataki na 1: Nemi shawarar dangi

Kada ka kuskura ka yanke hukunci kai kaɗai. Mutumin namu ya fara da mahaifiyarsa.

"Sunan marigayi babanka za ka sa," in ji ta.

"To, Inna."

Ya je gaida surukarsa, wadda ta ba shi teburin da zai yi aiki a kai. Ta ce, "Ai sunan jikata za a sa, ko?"

"To, Umma."

Yayansa ya bugo waya: "Kai, kar ka manta ka ƙara 'da 'Yan'uwansa' a ƙarshe."

Ka amsa wa kowa da "to". Masana sun tabbatar "to" ba ta cizo sai ranar da za a ɗaga allo.

Mataki na 2: Suna ya fi shago girma

Shagon taku uku ne, in ka miƙe hannu ka taɓo bango? Ba komai. Mutumin namu "Cibiyar Fasahar Iska ta Ƙasa da Ƙasa" ya zaɓa. Matarsa tana tsefe kan wata, ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, "Maigida, fanka fa kake gyarawa."

"Ke, ba ki san harkar kasuwanci ba," in ji shi.

Kai ma haka za ka faɗa. Kada ya dame ka cewa mata bakwai ne ke zaune suna jiran layinta, alhali ko allo ba ta da shi.

Mataki na 3: Kada mai fenti ya raina ka

Kai masa sunayen gaba ɗaya: na baba, na jika, na 'yan'uwa, da Cibiyar. Mai fentin mutumin namu ya auna allon da tafin hannu, ya sake aunawa, ya ce, "Malam, ko dai a ƙaro allo, ko a rage dangi."

Dangi ba sa raguwa. Ka ce ya ƙanƙanta rubutun. Haka aka yi kuwa, harufan suka fito kamar jerin tururuwa. Sai da fenti ya bushe mutumin namu ya lura sunansa shi bai samu wuri ba. Haka ya biya kuɗin fenti.

Mataki na 4: Ranar buɗewa, tanadi benci

Kowa zai zo duba nasa. Ka hau benci da sukudireba a hannu, kana nunawa: "Inna, ga baba nan. Umma, ga jikarki, kusa da ƙusa." Surukar ta sa tabarau, ta cire, ta ce, "Masha Allah, ya yi kyau." Ba ta ga komai ba. Rubutun da ba ya karantuwa ba ya ɓata wa kowa rai, wannan sirri ne na manyan 'yan kasuwa.

Mataki na 5: Zauna ka ji sunanka a bakin duniya

Kwana uku ko kaza ba ta leƙo ba. A na huɗu sai ga wata mata rungume da fanka, ta tsaya daidai ƙofar shagon, ta ba shi baya, tana tambayar mai faci na tsallake: "Don Allah ina Cibiyar Iska?"

"Cibiyar me?"

"Wai inda ake gyaran fanka."

"Au! Shagon mijin mai kitso! Haba Hajiya, ai sai ki faɗa. Ga shi nan a bayanki."

Wallahi mutumin namu ji ya yi kamar ƙasa ta tsage ya shige. Amma ya karɓi fankar. Kafin sati ya zagayo duk macen da ta zo kitso sai ta riƙo dutsen guga ko fanka, har wurin zama ya gagara. Na ce maka suna zai zauna a bakin kowa. Ban ce wanda ka rubuta ba.

Gargaɗi

Ba ruwan marubuci da fushin suruka, gorin yaya, ciwon wuyan masu karatun allo, ko faɗowa daga benci. Mai ƙorafi ya same ni a shago. In ka shigo layin, kada ka wahalar da idonka, ka ce mijin mai kitso kake nema.