Rasuwar Lasifikar da Take Yi Min Talla

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da jiki wanda ya riga ya gaji, ni mai tallar dafaffen ƙwai ta ƙarshen tasha, a madadin Innarmu da ƙannena, nake sanar da 'yan uwa da abokan sana'a da fasinjojin jirgin ƙasa rasuwar lasifikata, 'yar ja mai igiyar ratayawa. Ta cika ranar Talata da hantsi a ɗakin batir na tasha, bayan jinyar da ba ta taka kara ta karya ba, sai maganin ne ya fi ƙarfinta.

Ga wanda bai san garinmu ba, mu ba mu da kasuwa sai jirgi. In ya tsaya an ɗora tukunya, in bai zo ba a sha ruwa a kwanta. Masu talla sun raba taragai a tsakaninsu tun kafin a haife ni, kowa da nasa. Masu baki sun kama na gaba, inda dakalin tasha yake. Ni kuwa rabona taragan baya, waɗanda dakali bai kai gare su ba, suna tsayawa a kan tsakuwa, tagoginsu can sama da kaina. Kuma dokar tasha ita ce, taragon da ba a yi masa kira ba, ba na kowa ba ne.

A da Yayata ce mai kiran, ni ina riƙe da tire a bayanta. Da aka yi wa mijinta canjin aiki zuwa wata tasha mai nisa inda ko waya ba ta shiga, sai ta sayo marigayiyar, ta zauna a tsakar gida ta sa mata murya. Ta rataya min ita a wuya ta ce, "Ke dai danna nan, ki yi ta kallon ƙasa yadda kika saba."

Duk wanda ya taɓa zama a taragon baya ya san kalamanta. "Ga ƙwai! Dafaffe, da zafinsa! Ga gishiri!" Sai zakara ya yi cara. Sai a ji Inna daga nesa tana cewa, "Ke, wa ya bar tukunya a buɗe?" Daga nan ta koma farko. Ba mu san yadda ake goge wannan wurin ba, sai muka bar shi. Har ta kai fasinjoji na amsawa ta taga: "Ba ni ba ne, Inna, a dai miƙo biyu."

Marigayiyar ta kasance mai haƙuri da juriya. Ba ta taɓa jin kunyar kowa ba, ba ta taɓa sarƙewa don wani saurayi ya ƙura mata ido ba. Ta yi kira a rana, ta yi kira a ruwa cikin leda. Aibinta ɗaya, in yunwa ta kama ta sai ta ja muryar Yaya ta koma ta tsoho mai mura. Da yake garinmu babu wutar lantarki, in na gama ciniki sai in miƙa ta ga mai tutar jirgi, ya sa mata caji a taragonsa, ya dawo min da ita a jirgin dawowa. Ta haka ta je birni ba adadi, ni ko gadar bayan gari ban taɓa ƙetarewa ba.

Ciwon ajalinta ya fara ne da daminar bana, da ruwa ya cinye ƙasar da ke ƙarƙashin layin dogo, jirgi ya daina zuwa. Gari ya yi tsit, awaki suka mayar da layin wurin kwanciya. A kwanakin nan Inna takan ɗauko ta daga jikin ƙusa ta danna, wai tana duba lafiyarta, ta saurari muryar Yaya har ƙarshe, ta mayar. Babu wanda ya hana ta. A hankali murya ta yi ƙasa, ta koma raɗa, ta ɗauke.

Da labari ya zo cewa an gyara layi, jirgi zai dawo ranar Juma'a, sai na kai ta wurin Kawu mai juya layi, wanda makullin ɗakin batir yake hannunsa. Ya juya ta a tafin hannu ya yi dariya. "Batirin da ke kunna fitilar da take tsayar da jirgi sukutum, shi zai kasa ciyar da wannan 'yar mitsitsiya? Kawo nan, 'yata." Ya fere wayoyi biyu da haƙori ya haɗa. Marigayiyar ta ce "Ga ƙwai!" da ƙarfin da ban taɓa jin ta yi ba, har tattabarun rufin tasha suka watse. Sai hayaƙi ya biyo baya, da warin ƙonanniyar roba. Kawu ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "Ƙoshi ne ya yi mata yawa." Mai gyaran rediyo bai ko kwance ta ba. Ya shinshina, ya miƙo min da hannu biyu, ya ce sai haƙuri. Sabuwa sai a birni, kuma ko an kawo, bebiya za ta zo.

Ta rasu ta bar tire ɗaya, da gwangwanin gishiri, da kaji masu ci ba su san jirgi ya daina zuwa ba. Ta bar Inna, wadda har yanzu takan kalli ƙusar. Ta bar Kawu, wanda ya canza hanyar zuwa aiki don kada ya bi ta ƙofarmu. Ta kuma bar ni. Jiya na zaga bayan gida na gwada kiran, kaji ko kai ba su ɗaga ba.

Muna godiya ga waɗanda suka riga suka zo gaisuwa, musamman mai burodi ta taragon tsakiya, wadda ta zauna ta yi addu'a mai tsawo, sannan a bakin ƙofa ta ce min, "Ƙanwata, kada ki wahalar da maƙogwaronki. In Juma'a ta yi ban ji kira a baya ba, ni ma kajina suna yin ƙwai."

Za a binne marigayiyar a ƙarshen tsakuwa, daura da inda taragon ƙarshe yake tsayawa, ranar Juma'a bayan jirgi ya wuce. Ba za a yi mata salla ba, tunda roba ce. Ba mu sa lokaci ba, domin jirgin ma bai taɓa cika wanda ya sa ba. Kawu ne zai haƙa ramin, shi ya nema da kansa.

Za a karɓi gaisuwa a ƙarƙashin tagogin taragan baya, kafin binnewa. Duk wanda ya leƙo ya ga yarinya da tire a ka, idonta a ƙasa, bakinta yana motsi, to kiran ne nake yi. Don Allah a sunkuyo.