Ranar da Ɗayyabu Ya Goyi Matarsa

Wannan shi ne tarihin Ɗayyabu ɗan Gambo, jikan Tanimu mai awon gyaɗa, tattaɓa-kunnen Barmo wanda ya taɓa korar kura da tari kawai. Giwar layin teloli na Funtuwa, sarkin almakashi, dodon wando mai zamewa, Allah ya ƙara masa ɗaukaka.

A zamanin da fina-finan Koriya suka ci garin da yaƙi ba tare da an harba kibiya ba, gidan wannan sadauki ne ya fara faɗuwa. Matarsa Sahura ta koyi sunkuyar da kai irin nasu, ta tsuma kabeji da barkono har maƙwabta suka aiko tambaya ko ɓera ne ya mutu a rariya, duk ya yi haƙuri. Sai wata la'asar suna kallo, wani saurayi a cikin fim ɗin ya durƙusa, budurwa ta haye bayansa, ya bi titi da ita furanni na zubo musu. Sahura ta yi ajiyar zuciya.

"Ka ga maza, Malam. Mu nan ko jaka ba a riƙe mana."

Nan take jinin kakanni ya tafasa. Gwarzon ya miƙe, ya tuɓe hula, ya naɗe hannun riga, ya sa wa ƙofar gida sakata saboda makircin maƙiya, sannan ya durƙusa a bakin zaure kamar raƙumin fatake.

"Hau!" in ji shi.

Ita kuwa Sahura mace ce da Allah ya yi wa albarka ta kowace fuska. Da ta hau, ƙasa ta girgiza, kaji suka yi hijira, gwiwoyin sadauki suka shiga shawara da juna. Amma ya yi kabbara ya tashi, ya keta sararin tsakar gida mai faɗi da hatsari, ya kauce wa harin turmi, ya tsallake kwanton ɓaunar bokiti, igiyar shanya ta shaƙe shi ya ƙwace, ita tana dariya har da hawaye, irin dariyar da rabonsa da jin ta tun suna amarci.

Ya dire ta a ƙofar ɗaki, nasara ta tabbata. Sai dai bayansa ya ƙi miƙewa, ya tsaya a ruku'u.

Da magariba aka ga jarumin yana salla a zaune. Liman ya tambaye shi, "Malam Ɗayyabu, lafiya?"

"Buhun masara na ɗauka, Allah gafarta Malam."

Liman ya faɗa wa matarsa, matarsa ta je dubiya ta maimaita a gaban Sahura.

Tun daga ranar har yau, tuwon sadauki babu nama yake zuwa.