Ranar da Kaset Ya Riƙe Mini Aji

Shekarar da aka zaftare mana albashi, mu malamai, na ƙirƙiro dabarar da na rantse za ta girgiza Douala. Na naɗi darasin lissafi a kaset, na kunna wa 'yan ajina, na sulale da babur neman na cefane, ina yaba wa kaina.

Fasinjan farko da ya tare ni a unguwar New Bell direktan makarantarmu ne! Na ja hula har hanci.

"Makaranta," ya ce.

Muka tarar batir ya yi sanyi, muryata na fitowa ta taga kamar kukan saniya, yara na amsawa, "Muuu!"

Ya dafa kafaɗata. "Malam, wanne zan kora, kai ko na ciki?"

Har yau in na yi sallama a majalisa, sai a ce, "Kai ne, ko kaset?"