Ranar da Na Yi wa Ayoyon Kaka Aski

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na yi wa gonar Kaka aski tas ba, da hannuna, da rana tsaka, ina murmushi kamar wanda za a rataya wa lambar yabo. Kuskuren nawa ɗan ƙarami ne. Tun ina goye nake shan miyar ayoyo, amma ban taɓa ganin ayoyo a tsaye da ƙafarsa ba. A kwano na san shi, a gefen tuwon zafi, ko a ɗaure a tiren masu sayarwa.

Bari in fara da injin. Kawu Awudu, ƙanen Mma mahaifiyata, yana aiki da masu gyara lambuna a unguwannin masu hali, inda ake shuka ciyawa da gangan, a ba ta ruwa, sannan a kira mutum ya yanke ta (har yau ban gane hikimar ba). Ran Juma'a da yamma ya sauko daga trotro, motar haya, da kayan aiki biyu don ya yi musu caji a gida: wani ɗan zarto mai sarƙa na sare rassa, da wani dogon inji na yanke ciyawa. Duka da batir suke aiki. Ba fetur, ba hayaƙi, ba igiyar da za ka ja har kafaɗarka ta goce. Batirin kamar sandar sabulu, ka tura shi ya ce ƙwas, shi ke nan.

Zarton bai dame ni ba, haƙoransa a fili suke, kowa ya ga niyyarsa. Dogon ne ya hana ni sukuni. Na juya kansa ina neman wuƙa, babu wuƙa. Zaren roba ne kawai ya leƙo ta gefe biyu, kamar gashin bakin kyanwa.

Na ce, "Kawu, ina wuƙar?"

"Babu."

"To da me yake yanka?"

"Da gudu."

"Zare ne fa."

"Kai ma in ka yi gudu irin nasa za ka yanka wani abu. Ajiye min kaya."

Ya kai zarton ɗakinsa ya kulle, ya jingine dogon a baranda, batirin kuma ya bar shi a caji. Washegari ya tafi ɗaurin aure unguwar Maamobi, Mma da Kaka suka wuce kasuwar Malam Atta. Aka bar ni da injin, da tambayar da ta kwana tana cizo na.

Na ciro batirin daga caji, na tura shi ya ce ƙwas. Da kwali na fara. Na danna, injin ya yi kuka kamar ƙudan zuma mai fushi, zaren ya ɓace a iska, kwalin ya koma gari. Na gwada tsohon silifa, ya tashi sama, ina jin har yanzu yana kan kwanon maƙwabta. Amma injin ciyawa ciyawa yake so, kuma nan matsalar take: gidanmu a unguwar Nima siminti ne daga ƙofa har bayi. Na zagaya tsakar gida kamar mafarauci, ban ga ko tsinke kore ba, sai da na leƙa bayan wurin wanka.

Tsakanin bango da kwata akwai wani siririn fili da bai fi tabarma biyu ba. Wasu dogayen tsirrai ne a wurin, sun kai ƙuguna, ganyensu ya fara rawaya, da wasu siraran ƙwanso a jiki kamar yatsun tsohuwa. Na sha ganin Kaka tana zagayawa can da buta da sassafe. Ni a tunanina alwala take yi a inda ba hayaniya. Nan take na ji tausayinta. Tsohuwa tana alwala cikin jeji, ga sauro, ga maciji (ban taɓa ganin maciji a Nima ba, amma ranar na tabbata akwai).

Abin da ban sani ba shi ne ayoyo ne, kuma ba na kasuwa ba. Irin da Kaka ta zo da shi daga Salaga ne tun tana amarya, daga hannun mahaifiyarta. Duk shekara takan daina tsinkar ganyen, ta bar shi ya tsufa ya yi ƙwanso, ta tara irin na baɗi. Na bara ta shuka shi duka. Waɗannan munanan tsirran da nake yi wa kallon jeji su kaɗai suka rage mata.

Na gyara tsayuwa kamar yadda nake zaton Kawu yake yi, na danna. Gaskiya, injin nan ya iya aiki. Ina lilo da shi dama da hagu, tsirrai suna zubewa, ni kuma ina lura da yadda zaren yake gajarcewa in ya bugi bango. Sai na ji wani abu mai sanyi yana fantsamo min a hannu da fuska. Na tsaya na shafa. Kore ne, kuma yana da yauƙi. Na murza shi tsakanin yatsu biyu, na buɗe, ya ja zare. Na shinshina, ƙamshin kamar na san shi. Na ɗanɗana ma.

Mai hankali a nan zai tsaya. Ni kuwa sai na ɗauka na gano wata sabuwar ciyawa. Na ƙarasa sauran da sauri, na je na kira Anti Fuseina, mai koko da ke haya a gidanmu, don ta shaida.

"Anti, zo ki ga ikon Allah. Ciyawa mai yauƙi."

Ta biyo ni da ludayi a hannu. Ta dubi filin, ta dube ni, ta sake duban filin.

"Ɗana, me ka ce ka yanka?"

"Ciyawa."

"Kana da wani gidan da za ka iya kwana yau?"

Ban gama fassara maganarta ba na ji sallamar Kaka. Ta zagayo da ledar kasuwa a hannu, ta same ni a tsakiyar filin, inji a kafaɗa, kore daga goshi har ƙafa kamar wanda ya faɗa tukunyar miya. Da ta yi ihu da ya fi min sauƙi. Ajiye ledar ta yi, ta durƙusa a hankali, ta ɗauki ƙwanso ɗaya da ya rabe biyu, tana juya shi a tafinta.

"Wa ya aike ka?"

"Kaka, saboda maciji ne."

"Ka gan shi?"

"A'a."

"Ni kuwa na gan shi. Ga shi nan da inji."

Kafin nan matan gida sun cika bayan wurin wankan. Anti Fuseina tana ba kowa labari daga farko, da muryata, har da "ikon Allah". Mma ta ce a gaban kowa, "Wannan ne yake ƙarin miya sau biyu kullum." Aka fashe da dariya. Kaka kaɗai ba ta yi ba.

Ta miƙo min gwangwanin madara. "Duk ƙwanson da ya bushe, tsinto min. Kore ba shi da amfani, bai nuna ba."

Na yi rarrafe a bakin kwata har la'asar. Yawancinsu kore ne. Busassun kuma injin ya farfasa su, ya watsa 'ya'yan, ƙanana kamar garin barkono, ina tsinto su daga tsagar bango da tsinken tsintsiya. A haka Kawu ya dawo ya same ni, da kaftaninsa na biki. Ya cire batirin ya sa a aljihu.

"To, ka ga da me yake yanka?"

"Na gani, Kawu."

Darasin da na ɗauka ba mai tsawo ba ne. A Nima duk abin da ka gani kore yana da mai shi, kuma gara ka nemi mai shi kafin ka nemi batir.

Abin da na tsinto bai rufe gindin gwangwanin ba. Kaka ta shuka shi da ruwan sama ya dawo, layi ɗaya ya fito, siriri, a jikin bango. Ta kewaye shi da tsohon gidan sauro. Ni nake ɗebo ruwan kowace safiya, in ajiye bokitin a bakin ragar, ita ta shiga ta zuba.