Ciwon Ƙafar Da Na Ɗora Wa Malam Iro

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Alhamis ta kakar bara ba, ranar da na tsuguna a gaban surukina na kasa tashi. Har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige, kuma ba wanda ya jawo mini sai bakina.

Abin ya faro ne daga asibiti. Na je da ciwon kai, likita ya auna jinina, ya dubi takarda, ya dubi tumbina, sannan ya tambaye ni yaushe rabon da in yi doguwar tafiya a ƙasa. Na yi ta tunani har ya gaji ya ci gaba da rubutunsa. Gaskiyar magana, a Gumel nake zaune, aiki kuma a Sule Tankarkar, daga ƙofar gida sai mota, daga mota sai kujera. (Ko masallacin unguwarmu, in rana ta yi zafi, a babur nake zuwa, Allah ya yafe mini.) Likita ya ce jinina ya hau. Bai ce in yi gudu ko in ɗaga ƙarfe ba, tafiya kawai ya ce, rabin awa kullum bayan sallar asuba, a hankali yadda zan iya magana ina tafe.

Na ce a raina wannan ai ba aiki ba ne. Ashe ban san garinmu ba.

Ranar farko, kafin in fita daga unguwa mutum huɗu sun tsayar da babur. Wani ya tambaya ko mota ce ta lalace, wani ya ce in hau ya sauke ni, wani kuma ya rage murya ya ce in dai sayar da motar na yi, kada in damu, kowa yana cikin hali. Kafin in dawo gida wata maƙwabciya ta riga ta leƙa ta tambayi mai ɗakina ko faɗa muka yi. A wurinmu magidanci mai mota ba ya taka ƙasa da sassafe haka kawai, dole akwai dalili, kuma dole a ji shi.

Ni kuwa sai na ji nauyin in ce motsa jiki nake. Gani nake za a ce boko ya hau mini kai, ko a ce ciwo ya kama ni, kafin azahar labari ya kai Maigatari cewa sai addu'a. Washegari da aka sake tare ni, sai na ji bakina ya ce, “Dubiya zan je.” Nan take mai babur ya ce Allah ya ba da lada, ya wuce. Kowa ya san mai zuwa duba mara lafiya yana son ladan takawa, ba a matsa masa ya hau abin hawa. Na ji kamar na fi kowa wayo a ƙasar Gumel.

Matsalar ita ce tambayar da ke biyo baya: wa ke kwance? Sunan da ya fara zuwa mini shi ne na Malam Iro, abokin aikina, wanda muka yi firamare tare. Gidansa yana ƙarshen gari ta hanyar Maigatari, daidai nisan da nake so, ga shi yana hutun shekara, ba haɗuwa za mu yi a ofis ba. Na ce ƙafa ce ta matsa masa. Sati biyu cur ina duba Malam Iro kullum, ban taɓa yin sallama a ƙofarsa ba. In na kai gindin darbejiyar da ke bakin layinsu sai in juyo abina. Kuma tafiyar ta karɓe ni, barci ya gyaru, ciwon kai ya yi sauƙi, har mai ɗakina ta ce na rage minshari.

Sai ga waccan Alhamis ɗin, ranar kasuwar Maigatari. Ina tafe a gefen titi wata mota ta tsaya, na waiga sai ga Baba, mahaifin mai ɗakina, da abokan fataucinsa biyu za su kasuwar shanu. Baba mutum ne marar yawan magana. Shekara goma sha biyar da aurenmu ban taɓa cin abinci a gabansa ba, kuma na sha jin yana gaya wa mutane cewa ya ba ni 'yarsa ne saboda ban iya ƙarya ba. Wannan shaidar tasa ta fi mini motar da ofishin gaba ɗaya.

Na tsuguna na gaishe su. Ya tambayi inda na nufa, ni kuma bakina ya riga ya saba, na ce dubiya.

“Na ji labari,” in ji shi. “An ce kullum kana hanya. Ciwon da ya kai sati biyu ai mu ma akwai haƙƙi a kanmu. Shigo mu je.”

Na ce kada su makara kasuwa, ya ce shanu ba gudu za su yi ba. Na ce wataƙila mara lafiyan barci yake, ɗaya daga cikin dattawan ya ce sai mu yi wa iyalinsa sannu. Haka na shiga baya na zauna, gumi yana keto mini duk da sanyin safiya. A 'yar tafiyar nan (Allah ya yafe mini wannan ma) na roƙi Ubangiji ya sa Iro ya yi tuntuɓe ko da kaɗan ne.

Muna shiga layin sai ga Malam Iro ya taho daga gona da damin gero a ka, yana taku kamar ɗan shekara ashirin. Baba ya fito ya miƙa masa hannu, ya ce, “Sannu Malam, ya ƙafar?”

Iro ya dire damin, ya dafa ƙugu. Ya ce, “Alhaji, don girman Allah wa ya gaya maka? Sati biyu ke nan ina neman mutumin nan.” Sai ya shiga ba da labari. Duk inda ya bi ana yi masa ya jiki, liman ya yi masa addu'a a masallaci yana tsaye a sahun gaba, wani ya aiko masa da man shafawa, surukarsa ta taso takanas daga Gagarawa da ƙullin saiwoyi, har ta yi fushi wai ana ɓoye mata.

Baba juyowa kawai ya yi ya dube ni, dattawan nan biyu suka dube ni, Iro ma ya bi idonsu ya dube ni. Na zube a ƙasa na tsuguna, na faɗi komai, tun daga likita har zuwa darbejiya. Ban taɓa jin muryata ta yi ƙanƙanta haka ba.

Da na gama, Baba ya ce mini, “Yanzu Malam, kunyar tafiya kake ji, amma ba ka ji kunyar kwantar da mai lafiya ba?” Ya ce in tashi.

Na yunƙura, ƙafafuna suka ce ba su san zancen ba. Sun yi tsami, sun sage saboda dogon tsuguno, ga tumbi ya danne su. Na sake yunƙurawa na koma daɓas. Malam Iro, mai ciwon ƙafa, shi ya kama hannuna ya ɗaga ni, yana cewa, “Sannu mutumina, ya ƙafar?” Ɗaya daga cikin dattawan ya juya baya yana tari, amma na ga kafaɗunsa suna rawa.

Kwana uku ban fita ba. A na huɗu Baba ya aiko in same shi bayan asuba. Ashe shi, mai shekara saba'in da wani abu, kullum a ƙasa yake zuwa gonarsa in ba ranar kasuwa ba, kuma bai taɓa yi wa kowa bayani ba. Yanzu tare muke zuwa, yana gaba ina baya ina haki. Bai sake tayar da maganar ba, sai dai har yau ban ƙara jin an ce ya ce ban iya ƙarya ba, kuma ina nan ina sauraro.

Abin da na koya shi ne, in za ka yi tafiyar lafiya a garinmu, ka faɗi gaskiya tun ranar farko, don dariyar ba ta wuce kwana biyu. Yanzu in mai babur ya tsaya sai in ce jinina ne ya hau, likita ya ce in riƙa takawa. Sai ya ce Allah ya ba da lafiya, in ce amin. Ciwo ya koma wurin mai shi. Malam Iro kuwa duk Juma'a sai ya zo gidana dubiya, a ƙasa, kuma duk wanda ya tare shi a hanya sai ya faɗa masa sunana.