Babin Ƙarshe na Malam Laburare

Idan ana lissafin masu karatu a wannan zamani, sai kowa ya matsa gefe Malam Laburare ya wuce gaba. Abokan aikinsa na ofishin ajiye fayil ne suka laƙaba masa sunan, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu, don bai taɓa zaton tsiya suke masa ba. Bawan Allah ba ya fita sai da sabon littafin labari a hammata, bangon yana kallon waje don kada masu wucewa su yi asara. Littafi ya fito ran Litinin, Talata ya saye shi, Laraba hotonsa ya hau waya: ga littafi, ga tabarau, ga kofin shayi, ga ƙafar jariri a gefe don duniya ta san da wahala aka yi karatun.

'Ya'yansa uku: babbar tana da shekara biyar, mai bi mata uku, sai na goye. Duk ran Asabar, a taron ƙungiyar masu karatu, su ne hujjarsa.

"Masu cewa yara sun hana su karatu, lalaci ne kawai," in ji shi, yana kaɗa yatsa. "Ni ga ni da uku, amma littafi hamsin nake shanyewa a shekara. Sirrin abin tsari ne, 'yan'uwa, tsari."

Tsarin kuwa babu laifi. Da ya dawo daga aiki sai ya shige ɗaki, ya murza makulli, ya miƙe a gado, ya kifa littafin a ƙirji. Kafin minti biyar adabi ya fara hawa da sauka a kan tumbinsa. Idan ya farka ya ajiye, sai littafin ya faɗa hannun matarsa. Ita ce ke karanta shafi biyu tana shayarwa, shafi ɗaya tana jiran ruwa ya tafasa, rabin shafi a tsaye a ƙofar banɗaki tana jiran ɗan tsakiya ya gama a kan fo. Da safar jariri take sa alamar inda ta tsaya. Ran Juma'a da yamma maigida ya kira ta.

"Maman yara, zo in gwada fahimtarki. Me kika tsinta a ciki?"

Tana ninke wanki tana ba shi labari tiryan-tiryan, shi kuma yana rubutawa a ɗan kati, yana girgiza kai saboda tausayin yadda ba ta kamo zurfin abin ba.

Ana nan sai ƙungiya ta gayyato marubuciyar wani sabon littafi, ta kuma sa zaɓen shugaba a ranar. Shekara uku Malam Laburare yana mafarkin wannan kujera. Har ya riga ya buga katin suna mai ɗauke da kalmar Shugaba, ya ɓoye a aljihun kwat. Abin da ya rage kawai ya yi sharhin littafin a gaban mai shi, kowa ya san ruwa ba sa'an kwando ba ne a fagen fahimta.

A cikin makon ne matar ta kai na goye rigakafi, ta bar masa manyan biyu na awa ɗaya. Wannan ne karo na farko da gwanin tsari ya haɗu da 'ya'yansa babu mai shiga tsakani. Ɗaya ya ɓare baki, ɗaya ta hau kansa. Da abin ya ishe shi sai ya jawo littafin da ke kusa, ya dinga yago takardu daga baya yana naɗa musu jirgin sama, yana faɗa wa kansa ai bayan littafi talla ce da godiya. Shafi talatin suka tashi ta taga, gida ya yi tsit, ya yaba wa kansa.

Ran Juma'a matar ta ba shi labarin: wata ma'aikaciyar jinya ce mai yara huɗu, mijinta ko cokali ba ya ɗagawa a gida. Da ta zo wajen ƙarshe sai ta tsaya.

"Baban yara, akwai matsala a ƙarshen littafin nan."

"Matsala tana wurin mai karatu, ba wurin littafi ba. Ci gaba."

Ta dube shi, ta dubi tulin wankin. Ranta ya ɓaci, amma muryarta ba ta nuna ba. Sai ta ci gaba, ta ɗinka masa ƙarshe daidai yadda zuciyarta take so.

Ran Asabar ya kwaso iyalin kaf ya jera su a layin gaba, don a ga shaida da ido. Ya hau mumbari, ya gyara tabarau, ya yi gyaran murya sau biyu.

"Ranki ya daɗe, babinki na ƙarshe ya sa ni hawaye. Inda mijin nan ya tashi da safe, ya yi wa yara huɗu wanka, ya wanke kwanuka, ya shanya wanki, ya ja wa matarsa ƙofa ta yi barci har azahar. Ba yabon kai ba, kaina na gani a ciki. Sau uku na karanta wurin."

Ya tsaya jiran tafi. Waɗanda suka karanta littafin suka shiga kallon juna. Marubuciyar ta jawo makirufo a hankali.

"Malam, a nawa littafin dai ba haka aka ƙare ba. Matar ce ta ajiye masa yaran, ta fita."

Amma bakin gwani bai mutu ba. Ya ɗaga nasa kwafin sama, ya ce watakila bugu ne daban-daban, abin da masana suka sani sarai. Bangon baya ya yi lilo, babu komai a ƙarƙashinsa sai guntayen takarda. Babbar 'yarsa ta gane shi nan take, ta miƙe da murna.

"Baba, wannan ne littafin jirgi. Ka ƙara yi mana, na ƙanena ya faɗa kwata."

Dariyar da aka yi ta kai har bakin titi. Aka yi zaɓe, ya samu ƙuri'a ɗaya, kuma kowa ya san hannun da ya jefa ta.

Yana zaune yana shafa aljihun da katunan suke, sai ga matarsa tsaye a kansa. Ta aro kwafin marubuciyar, yatsanta a cikin babin ƙarshe. Ta ɗora masa na goye a cinya, ta rataya masa jakar kayan yara a wuya, ta turo masa manyan biyu.

"Riƙe min su, Baban yara. Shafi talatin ya rage min. Ɗan tsakiya yana jin fitsari."

Ta fita, ta ja ƙofa.