Karen Mista Hegarty Ya Gane Gida

Duk faɗin yankinmu na Kerry a nemo mini mutum kamar Mista Cornelius Hegarty, manajan gidan man shanu. Allah ya ƙara masa girma, in da sauran wurin sawa. Mu dai Sarkin Man Shanu muke ce masa, a bayan idonsa. Ran Lahadi sai an fara addu'a yake shigowa coci, don kowa ya ji ƙarar takalminsa har benci na gaba. In zai durƙusa sai ya shimfiɗa hankici, kada gwiwarsa ta taɓa inda tamu ta taɓa. Allah ya yafe mini, ina jan carbi ina kallo.

Da can Con ne, ɗan Nonie mai ƙwai ta kan dutse. Tare muka tono dankali da shi, ƙafa ba takalmi. Yanzu in ta sauko kasuwa da keken jakinta, sai ya taɓa hula daga nesa kamar ya ga baƙuwa, ya tsallaka titi.

Abu ɗaya ya rage masa a duniya, kujera a ƙungiyar masu karnuka ta Kanar Ashcroft, inda manya ke shan shayi suna duba haƙoran karnuka. Ba a shiga sai da kare mai asali, shi ma mai karen a ga alamar asali a jikinsa. Ana haka sai aka ce a Dublin, babban birni, an yarda karnukanmu na gona su shiga gasa, masu gashin nan mai laushi ruwan alkama. Karen da kakanninmu suka riƙe don an hana talaka karen farauta! Ya kama ɓera, ya koro shanu, ya kwana gefen alade.

To dama Nonie ta taɓa aiko masa da kwikwiyo daga cikin 'ya'yan karyarta. Su haka suke, a haife su baƙi-baƙi, sai sun girma su washe. Da Sarkin Man Shanu ya ga karen ya sake launi, sai ya ce shi ke nan, ba mai gane shi. Shi ma ai da ya sake riga haka ya ɗauka. Ya raɗa masa suna irin na masu sarauta, Lord Percival.

"Wannan ba irin karnukanku ba ne," in ji shi. "Daga gidan sarauta na sa aka kawo shi. Kakanninsa a kan darduma suka kwana. Ba ya kula kowa sai manya."

Wayyo Maryamu! Kare irin wannan ai kowa nasa ne. Mai gawayi ya zo, karen ya daka tsalle ya lashe masa fuska. Mai bara ya zo, haka. Ɓarawo ma da zai shigo, shi zai raka shi har ɗakin ajiya. A yi masa wanka da sabulu mai ƙamshi, a taje masa gemu, kafin a ajiye matajin ya tafi ya yi birgima a juji.

Ran babbar kasuwar shanu Kanar ya ce a kawo karen ya gani. Sai ga Sarkin Man Shanu da farin wando, kare da jan ƙyalle a wuya.

"Ranka ya daɗe, dubi tsayuwa, dubi ƙirji. Jini ne wannan. Mu da muka tashi cikin abin, da ido muke ganewa."

Bai rufe baki ba keken Nonie ya ɓullo, tsohuwar karyarta na zaune kan buhu. Lord Percival ya ɗaga hanci. Fizga ɗaya ya yi, Sarkin Man Shanu da ke riƙe da igiya ya tafi da baya cikin kashin shanu. Kare ya faɗa keke, ya lashi uwarsa, ya lashi Nonie, ɗan guntun bindinsa kamar zai tsinke.

"Barney, ɗan albarka!" in ji Nonie. "Kai ne ka yi fari haka? Har da gemu! Con, tashi mana, ɗana, ka ɓata wandonka."

Kanar ya dubi kare, ya dubi karya, ya dubi na ƙasa. "Hegarty, ka san matar nan?"

"Ranka ya daɗe, tana... tana kawo mana ƙwai ne."

Nonie ta gyara mayafinta.

"Gaskiya ya faɗa, ranka ya daɗe, ƙwai nake kawo masa," in ji ta. "Da can nono ne."

Kujera dai ba a samu ba. Kanar ya cire wa Nonie hula, ya juya ya yi tafiyarsa. Barney kuwa ya bi keke har kan dutse, yana can yana kama ɓera da jan ƙyallensa.

Ni ban yi karatu ba, amma na san dokokin Allah da ka. Su biyu suka sauko daga dutsen nan, wanda ba a yi wa baftisma ba shi ya riƙe dokar girmama uwa.